Horon Malamin Pilates: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Neman Malami da Mai Son Zama Malami

Mutane iri biyu ne suka fi yin waɗannan tambayoyi. Akwai mai neman wanda zai koya masa Pilates, yana so ya san hannun da zai miƙa wa bayansa da gwiwoyinsa. Akwai kuma wanda ya daɗe yana yi har ya fara tunanin mayar da shi sana'a. Abin da suke son sani kusan ɗaya ne, shi ya sa aka haɗa amsoshin wuri guda.

Mene ne Pilates, kuma mene ne aikin malaminsa?

Pilates tsarin motsa jiki ne da ake yi cikin natsuwa, ana haɗa numfashi da motsi, ana ƙarfafa tsokokin ciki da na baya da na ƙugu, ana kuma sassauta gaɓoɓi. Wani ɓangarensa a kan tabarma ake yi, da nauyin jikin mutum kaɗai. Ɗaya ɓangaren kuma a kan na'urori ne masu sifirin da igiyoyi. Wadda aka fi sani ita ce Reformer, wani dogon gado mai shimfiɗar da ke zamewa gaba da baya a kan dogo, sifirin yana riƙe da ita.

Aikin malami ya wuce tsayawa a gaba yana ƙirga ɗaya, biyu, uku. Shi ne mai kallon yadda ka tsaya da yadda ka kwanta, ya lura kafaɗarka ta hagu ta fi ta dama hawa, ya zaɓi motsin da ya dace da jikinka a wannan ranar, ya rage sifirin ko ya ƙara, ya kuma san lokacin da zai ce ka dakata. Kusan duk abin da horo ke son ginawa a cikin malami shi ne wannan idon.

Shi kansa wanda ya ƙirƙiro tsarin, a ina ya yi karatu?

An haifi Joseph Pilates a shekarar 1883 a garin Mönchengladbach na ƙasar Jamus. Bai yi karatun likita ba, ba shi kuma da digiri a fannin motsa jiki. A aikace ya koya, daga dambe da wasannin tsalle-tsalle da gina jiki. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya same shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa, ya yi zaman sansanin Knockaloe da ke Tsibirin Man, inda ya riƙa horar da 'yan'uwansa fursunoni. Bayan yaƙi ya koma Jamus, daga nan ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1926. Shi da abokiyar zamansa Clara suka buɗe wurin horarwa a gida mai lamba 939 a titin Eighth Avenue na birnin New York. Bai kira tsarin da sunansa ba, Contrology yake ce masa. Ya fitar da littafi a 1934, sannan wani a 1945 mai suna Return to Life Through Contrology, wanda ke ɗauke da motsin tabarma 34 da har yau ake koyar da su. Ya rasu a 1967 yana da shekara 83.

Za ka ji wasu suna kafa hujja da wannan tarihi, suna cewa ai shi ma mai abin ba shi da takarda. Gaskiya ne. Amma mutumin ya shafe shekara arba'in a New York kaɗai yana aiki da jikunan mutane kullum, kuma yawancin na'urorin shi ya zana su. Wanda ya yi kwas na kwana biyu bai kamata ya jingina da wannan ba.

Me ya sa ake yawan tambayar malami a hannun wa ya koya?

Saboda Joseph bai bar makaranta mai tsararren manhaja ba. Ya bar almajirai, kowannensu kuma ya ɗauki abin da aka koya wa jikinsa. Da yawa daga cikinsu 'yan rawar fage ne da rauni ya kai su wurinsa, domin manyan masu tsara rawa irin su George Balanchine da Martha Graham suna tura masa mutanensu. Romana Kryzanowska ciwon idon sawu ya kawo ta, ita ce kuma ta ci gaba da jagorantar wurin na New York bayan rasuwarsa. Carola Trier ta buɗe nata wurin tun yana raye, da yardarsa. Eve Gentry ta koma Santa Fe, ta mai da hankali kan masu jinya da motsi mai taushi. Ron Fletcher ya kai tsarin Los Angeles, inda taurarin fim suka yayata shi. Kathy Grant da Lolita San Miguel su biyu ne aka sani sun karɓi takardar shaida ta koyarwa daga hannun Joseph. Akwai kuma Mary Bowen da Jay Grimes. A Ingila, Alan Herdman ne ya je New York ya koyo, ya dawo ya buɗe wurin farko a Landan a 1970.

Don haka idan malami ya ce salsalarsa ta Romana ce, ko ta Fletcher, yana faɗa maka irin salon da za ka tarar. Bayani ne mai amfani, amma kada ya ruɗe ka. Salsala mai kyau ba ta hana a samu ɗalibin da bai yi ƙwazo ba, kuma almajiran farkon nan su kansu ba su koyar da abu iri ɗaya ba. Abin da ya haifar da rabuwar makarantu yana cikin amsar da ke magana kan tsohon salo da sabon salo.

Akwai dokar da ta hana wanda ba shi da horo kiran kansa malamin Pilates?

A yawancin ƙasashe babu, kuma a nan gizo ke saƙa. A watan Oktoban 2000 wata kotun tarayya a Manhattan, ƙarƙashin mai shari'a Miriam Cedarbaum, ta yanke hukunci cewa kalmar Pilates sunan nau'in motsa jiki ce kamar yoga ko karate, ba alamar kasuwanci ta wani kamfani ba. Kamfanin da ke iƙirarin mallakar sunan shi ne ya kai ƙarar kamfanin Ken Endelman mai ƙera na'urori, wanda yanzu aka sani da Balanced Body, kuma mai ƙarar ne ya sha kaye. Hukuncin ya 'yantar da ɗimbin malamai na ƙwarai waɗanda a da ake hana su amfani da sunan. Ya kuma buɗe ƙofa ga kowa da kowa.

Ƙasashe sun bambanta. A Amurka babu lasisin gwamnati na wannan sana'a. A Birtaniya doka ba ta kare sunan ba, sai dai gidajen motsa jiki da kamfanonin inshora sukan nemi shaidar mataki na 3 ta koyar da Pilates na tabarma. A Faransa duk wanda zai karɓi kuɗi don horar da mutane motsa jiki sai yana da shaidar da hukuma ta amince da ita da katin sana'a. A Brazil kuwa, galibi likitocin fisiyo, wato masu jinyar gaɓoɓi da tsokoki ta hanyar motsa jiki, da masu digirin ilimin motsa jiki ne ke koyarwa, ƙarƙashin majalisun sana'o'insu. Inda doka ta yi shiru, binciken ya dawo kan ɗalibi, kuma akwai amsa a ƙasa kan abin da ya kamata ya tambaya.

Awa nawa ake buƙata kafin mutum ya zama cikakken malami?

Adadin da aka fi kafa ma'auni da shi shi ne awa 450, wanda ya ƙunshi tabarma da dukkan manyan na'urori. Wasu makarantu suna kai wa 600 ko fiye. Yi lissafi da kanka: mai ba da awa 10 a mako zai ci mako 45 kafin ya cika 450, ba tare da fashi ko rashin lafiya ba. Shi ya sa yawancin masu haɗa horon da wani aiki sukan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu.

A ɗaya gefen akwai kwasa-kwasan ƙarshen mako, kwana biyu ko uku, a ba ka takarda ka tafi. Ga wanda dama cikakken malami ne kuma yana son ƙarin ilimi kan wani fanni, irin wannan kwas yana da amfani. Ga wanda bai taɓa koyarwa ba, ɗanɗano ne kawai. Matsalar ita ce takardun biyu suna iya kama da juna a jikin bango, da hatimi da sa hannu.

Me ake yi a cikin waɗannan awanni? Duk zaman aji ne?

A'a, zaman lacca shi ne ƙaramin kaso. A nan ake bi ta kan kowane motsi: sunansa, manufarsa, yadda ake saita na'ura, yadda ake sauƙaƙa shi ga mai rauni da yadda ake tsananta shi ga mai ƙarfi, tare da darussan ƙirar jiki. Sauran awannin sun kasu uku. Akwai na aikin kai, inda ɗan koyo ke yin motsin da jikinsa har ya zauna masa, domin wanda bai taɓa jin yadda motsin Teaser, inda ake ɗaga ƙafafu da gangar jiki lokaci guda, ke girgiza ciki ba zai yi wuya ya bayyana wa wani. Akwai na kallo, inda yake zama a gefe da littafinsa yana lura da gogaggen malami yana aiki. Sai na gwajin koyarwa, inda yake fara da 'yan'uwansa ɗalibai da abokai, daga baya a ba shi baƙi, wani na sama da shi yana sa ido yana gyara masa.

Awannin kallo su ne ɗalibai suka fi rainawa, su ne kuma a ganina suka fi gina malami. A makon farko ba ka ganin komai sai mutum yana ɗaga ƙafa yana saukewa. Bayan wata uku sai ka fara hango cewa ƙugunsa yana karkata duk lokacin da ƙafar dama ta tashi, ka ga malamar ta canza kalma ɗaya tak a umarninta, karkatar ta ɓace. Ka ga ta shirya darasi, ɗalibi ya shigo yana ɗingishi, ta watsar da shirin nan take ta gina wani. Babu littafin da ke koyar da wannan. Idan makaranta ta ce a cike takardar awannin kallo a kawo ba tare da kowa ya tabbatar ba, to ta zubar da mafi daraja a cikin abin da take sayarwa.

Jarrabawar ƙarshe a makarantun kirki kashi biyu ce: ta rubutu, da ta aiki. A ta aikin akan kawo wa ɗalibi mutumin da bai sani ba, ya yi masa tambayoyi, ya duba tsayuwarsa, ya koyar da shi cikakken darasi a gaban mai jarrabawa. Ana faɗuwa, a sake.

Malamata ta ce shaidar tabarma kawai gare ta. Wannan matsala ce?

Ba matsala ba ce muddin tabarma take koyarwa. Horon tabarma ya fi gajarta, amma koyar da tabarma da kyau ba ƙaramin aiki ba ne, domin babu sifirin da zai tallafa wa ɗalibi, sai dabarar malami. Matakan dai uku ne a mafi yawan makarantu: tabarma kaɗai, tabarma da Reformer, sai cikakken horo wanda ya haɗa da gadon da ake kira Cadillac mai sanduna a sama, da kujerar Wunda, da gangunan lanƙwasa baya irin su Ladder Barrel da Spine Corrector.

Inda abin ke zama haɗari shi ne mai shaidar tabarma ya hau koyar da na'ura. A kan Reformer, rage sifirin ba kullum yake nufin sauƙi ba. A wasu motsin, musamman na tsaye ko na durƙuso, sifirin mara ƙarfi yana sa shimfiɗar ta zame da sauri, mutum ya rasa abin dafawa ya faɗi. Sandar turawa ta Cadillac kuma, idan an ɗaura mata sifirin daga ƙasa, sai an sa mata maɗaurin kariya don kada ta dawo wa mutum a fuska. Waɗannan abubuwa a horon na'ura ake koyonsu.

Mene ne bambancin takardar makaranta da shaidar hukuma mai zaman kanta?

Takardar makaranta tana cewa wane ya kammala kwas ɗinmu. Makarantar da ta karɓi kuɗinsa ita ce ta jarraba shi, ita ce ta yaye shi. Shaidar hukuma mai zaman kanta kuwa daga wani ɓangare take fitowa, wanda bai koyar da shi ba kuma ba ya asarar komai idan ya faɗi. Bayan shari'ar 2000, malamai a Amurka suka kafa ƙungiyar Pilates Method Alliance a 2001, ta fara gudanar da jarrabawa a 2005. Yanzu National Pilates Certification Program ke riƙe da jarrabawar, wanda ya ci kuma yana sa haruffan NCPT bayan sunansa. Sai mai cikakken horo na awa 450 ke zama, kuma ana sabunta shaidar duk shekara biyu da hujjar ƙarin karatu.

Sai dai a sani, wannan jarrabawa ta zaɓin amsa ce, tana auna abin da ke kai, ba ta ganin yadda mutum ke tafiyar da aji. Kuma akwai ƙwararrun malamai da yawa, musamman a wajen Amurka, da ba su taɓa zama ba. Samunta alama ce mai kyau, rashinta ba hukunci ba ne.

Ina jin ana cewa tsohon salo da sabon salo. Wanne ya fi?

Masu tsohon salo suna riƙe da jerin motsin yadda aka gada, ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, da saurin tafiya da ƙarancin magana, a kan na'urori masu awo irin na asali, kamar waɗanda kamfanin Gratz ke ƙerawa. Reformer ɗinsu sifirin huɗu gare ta masu ƙarfi ɗaya. Masu sabon salo sun shigo da ilimin fisiyo da binciken zamani, suna canza jeri, suna ƙara motsin share fage, suna kuma kula da barin ƙashin baya a lanƙwasarsa ta halitta maimakon manna shi da tabarma a ko da yaushe. Na'urorinsu galibi sifirin biyar ne masu launi da ƙarfi daban-daban. Daga cikin makarantunsu akwai STOTT da aka kafa a Toronto a 1988, da BASI ta Rael Isacowitz a 1989, da Polestar a 1992, da Body Control a Landan.

Gardamar tana da zafi a tsakanin malamai fiye da yadda take shafar ɗalibi. Wani abin dariya ma shi ne ginshiƙai shida da kowane ɓangare ke haddacewa, wato tattara hankali, sarrafa jiki, aiki daga tsakiya, gudanar motsi, daidaito da numfashi, ba Joseph ne ya jera su haka ba. Sun fito ne a wani littafi na Philip Friedman da Gail Eisen a 1980, shekara 13 bayan rasuwarsa. Ra'ayina shi ne mai lafiyayyen jiki da ke son tsari da horo zai ji daɗin tsohon salo, mai tsohon rauni kuma zai fi samun sassauci a sabo, amma gogaggen malami a kowane ɓangare yana iya yi wa kowannensu aiki. Ga mai son zama malami, ya ɗauki darussa a duka biyun kafin ya biya kuɗin makaranta.

Wane irin ilimin jiki ake sa ran malami ya sani?

Ya san ƙasusuwa da gaɓoɓi da manyan tsokoki da irin motsin da kowannensu ke yi. Ya san ƙashin baya dalla-dalla: ƙasusuwa 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙasan baya, da inda ya fi juyawa da inda ya fi lanƙwasawa. Ya fahimci abin da ake kira tsakiyar jiki: tsokar ciki ta can ƙasa da ke zagaye kugu kamar ɗamara, ƙananan tsokokin da ke manne da ƙashin baya, tsokokin ƙasan mara, da tantanin numfashi da ke raba ƙirji da ciki. Binciken da Paul Hodges da Carolyn Richardson suka wallafa a 1996 daga Jami'ar Queensland, wanda ya nuna wannan tsokar ɗamara tana jinkirin kamawa a jikin masu ciwon baya, ya yi tasiri ƙwarai a kan yadda makarantun sabon salo ke koyarwa. Daga baya masana suka ja hankali cewa kada a mayar da tsoka ɗaya maganin komai. Malamin da ke bibiyar iliminsa ya san kashi na biyun labarin, ba na farkon kaɗai ba.

Ina da ciwon baya. Malamin Pilates zai iya yi mini magani?

Malamin Pilates ba likita ba ne. Horonsa bai ba shi ikon gano cuta, ko fassara hoton asibiti, ko cewa ka daina shan magani ba. Wasu likitocin fisiyo suna ƙara horon Pilates a kan karatunsu, kuma akwai cibiyoyi irin su APPI da aka gina domin ma'aikatan lafiya. Irin waɗannan lasisinsu na fisiyo ne ya ba su damar duba mara lafiya, ba takardar Pilates ba.

Game da amfani, nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2015 ya tattara gwaje-gwaje ya nuna Pilates ya fi zama haka kawai wajen rage ciwon ƙasan baya, amma babu tabbacin ya fi sauran nau'o'in motsa jiki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, sai dai ba mu'ujiza ba ce. Malami mai horo zai tambaye ka abin da likita ya ce, kuma zai tura ka asibiti ba tare da ɓata lokaci ba idan ka ambaci mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari, ko ƙafa da ke ƙara rauni, ko ciwon da ke tare da zazzaɓi ko rama ba dalili. Wanda ya ce ka bar masa komai zai gyara, ka nemi wani.

Ina da juna biyu. Kowane malami zai iya koyar da ni?

Ki fara da izinin likitarki ko ungozomarki, sannan ki tambayi malamar kai tsaye ko ta yi horo na musamman kan masu ciki da masu jego. Cikakken horo yakan taɓo batun, amma sama-sama. Wadda ta sani za ta rage miki dogon kwanciya rigingine bayan watannin farko, ta cire kwanciya rub da ciki, ta guji motsin da ke turo ciki waje saboda rabuwar tsokar gaban ciki, ta kuma hana ki wuce iyaka wajen miƙewa domin jijiyoyin gaɓoɓi suna saki a wannan lokaci.

Haka abin yake ga mai zaizayar ƙashi. Da yawa daga cikin motsin tabarma na asali, irin su Roll Up da mirginawa a kan baya, lanƙwasa ƙashin baya ne zuwa gaba da ƙarfi, wanda shi ne ainihin abin da ake hana mai wannan lalura saboda tsoron karaya. Mai hawan jinin ido ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba kuma, ana kauce masa motsin da ke sa ƙafa sama kai ƙasa. Wannan ne dalilin takardar tambayoyin lafiya da ake cikewa kafin darasin farko.

Sai na kasance ɗan rawa ko mai digirin motsa jiki kafin na shiga horo?

Ba dole ba ne. Yawancin makarantu abin da suke nema shi ne ka riga ka daɗe kana yin Pilates a matsayin ɗalibi, wasu su ƙara da sharaɗin ɗan kwas na ƙirar jiki. Kowane asali da ribarsa da tarkonsa. Ɗan rawa yana kama motsi da wuri, amma yakan manta cewa abin da ya zo masa a sauƙaƙe dutse ne a wurin wani. Ma'aikacin lafiya ya san jiki, amma yakan cika bayani har ɗalibi ya huce. Wanda ya shigo ta ƙofar ciwo, ya sha wahala kafin jikinsa ya saki, sau da yawa shi ya fi haƙuri da sabon shiga. Ba a buƙatar ka iya kowane motsi mai wuya kamar ɗan wasa, amma ana buƙatar ka fahimce shi har ka iya kai wani gare shi.

Horon intanet yana da inganci?

Darussan ƙirar jiki da tarihi da sunayen motsi suna koyuwa ta intanet lafiya lau. Saita na'ura, tsayawa a inda za ka tare mutum idan ya zame, da gyara da hannu, waɗannan sai ido da ido. Ka duba ko shirin yana da awannin haɗuwa, da kuma wanda zai kalli koyarwarka ya ba ka gyara da sunanka. Bayanin awannin kallo da ke sama ya shafi wannan sosai.

Wurin da nake zuwa suna amfani da Megaformer. Shi ma Pilates ne?

Wannan tsarin Lagree ne, na Sebastien Lagree. Na'urar ta samo asali daga Reformer, amma manufar ita ce gajiyar da tsoka da motsi mai tsanani, kuma horon malamansa daban ne, ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Mai shaidar Lagree ba malamin Pilates ba ne sai idan ya yi wancan horon shi ma.

To me zan tambayi malami kafin na fara, ba tare da na ci masa fuska ba?

Tambaye shi a wace makaranta ya yi horo, awa nawa, a kan waɗanne na'urori, kuma shekara nawa ya yi yana koyarwa. Tambaye shi ko ya taɓa aiki da mai irin lalurarka, ko yana da inshorar sana'a da shaidar agajin gaggawa mai rai. Wanda ya sha wahalar awa 450 ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗi ma yake ji an yi ta. Sunan makarantar kuma kana iya bincikawa, da yawansu suna da jerin waɗanda suka yaye a shafukansu.

Sauran kuma gani ya kori ji. Na taɓa shiga wani aji inda malamin ya kwanta a gaba yana yin motsin tare da mu daga farko har ƙarshe, idonsa a rufin ɗaki. Jikinsa abin sha'awa, amma da wani a cikinmu ya karye da sai dai ya ji ƙara. Malamin da hannunsa ya faɗa yana zagayawa, yana tambayar masu rauni tun kafin a fara, yana ba da mataki mai sauƙi da mai wuya na motsi ɗaya, yana neman izini kafin ya taɓa ka, kuma yana duba sifirin kowa kafin a hau. Idan ajin na'ura ya cika har ba ya iya kai ido ga kowa, ko shi gwani ne, sabon shiga ya fi dacewa da ya fara da darasi ɗaya ko biyu shi kaɗai da malami.

Bayan an karɓi takarda, karatu ya ƙare?

Masu shaidar NCPT dole su kawo maki 16 na ƙarin karatu duk shekara biyu, makarantu da dama kuma suna da irin wannan sharaɗi ga waɗanda suka yaye. Akan cike su da bita kan fannoni irin su tsofaffi, masu jego, karkacewar ƙashin baya, ko 'yan wasa. Shaidar agajin gaggawa da farfaɗo da zuciya ita ma tana ƙarewa, sai an sabunta.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a takarda. Sabon malami yakan fito da ilimi cike da kai, ya zuba wa ɗalibi gyara goma a motsi ɗaya, sai shekaru sun koya masa zaɓar guda ɗaya da zai warware sauran. Aikin yana cin jiki da murya: tsayuwa awa da awanni, sunkuyawa a canza sifirin, darussan asuba da na dare domin lokacin ne mutane ke da sarari. Da yawa sukan wayi gari sun daina yin nasu atisayen saboda koyar da wasu. Shi ya sa za ka tarar gogaggun malamai suna ware awa ɗaya a mako su je wurin wani malami su kwanta a kan Reformer a matsayin ɗalibai. Idan kana neman tambaya ɗaya da za ka ƙara a kan waɗanda ke sama, tambayi malaminka wa ke koyar da shi yanzu.